Gardamar Nan Ta Girme Mu

Rubutun nan yana da tsawo, wanda yake cikin aji ko data ɗinsa ta yi ƙasa ya ajiye shi sai dare.

Waɗanda ke gurup ɗinmu na ɗaliban Arewa a WhatsApp sun ga abin da ya faru daren Talata. Ga waɗanda ba sa ciki: kwamitin makon al'ada ya tsara zama guda na tattaunawa a kan karatun 'ya mace, aure da aiki. Aka sa mutum uku su yi magana, ciki har da wata ƙanwarmu 'yar ajin ƙarshe a fannin shari'a. Kafin Asuba gurup ya kama da wuta. Wani ya ce an shigo mana da feminisanci ta taga. Wani ya mayar masa cewa irinsu ne suka hana Arewa motsi. Aka kira wannan ɗan boko aƙida, aka kira wancan baƙauyen da ya zo jami'a da duhun kansa. Yarinyar ba ta ce uffan ba, ta fice daga gurup. Yanzu an ce ranar Asabar za a kaɗa ƙuri'a, a yi zaman ko a soke shi.

Hujja biyu na fi ji daga masu son a soke. Ta farko, wai maganar baƙuwa ce, Turawa da soshiyal midiya suka kawo mana ita. Ta biyu, wai a Kudu muke, mu 'yan tsiraru ne, bai kamata mu kwance wa kanmu zani a kasuwa ba.

Ni ba malamin addini ba ne, tarihi nake karantawa. Bincikena na mastas a kan ƙungiyoyin ɗalibai ne, na fi shekara ina shaƙar ƙurar tsofaffin jaridu a laburare. Kuma wanda ya san ni ya san a yawancin batutuwan nan na fi karkata ga ra'ayin mazan jiya. Duk da haka hujjojin nan biyu ba su zauna mini ba, ga kuma dalilina.

Mu fara tun kafin a gina jami'a ko ɗaya a Arewa. A 1943 wasu malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka fara wani zama a Bauchi da ake kira Majalisar Taɗi. Sa'adu Zungur yana ciki, Malam Aminu Kano yana ciki, Abubakar Tafawa Ɓalewa ma haka. Ana ɗauko batu a baje shi, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Da taɗin ya fara taɓa mulkin En'e da sarakuna sai aka rufe zaman. Rufewar ba ta kashe maganar ba. Shekara bakwai bayan nan, a 1950, aka kafa NEPU a Kano, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka raba ta da NPC shi ne ƙuri'ar mata. NEPU ta ce a ba su, NPC ta ce lokaci bai yi ba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan siyasar nan. Matan Kudu sun yi zaɓen tarayya na 1959, iyayenmu mata na Arewa kuwa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 suka fara jefa ƙuri'a. Yau a cikinmu wa yake cewa haramun ne mahaifiyarsa ta riƙe katin zaɓe? A lokacin fa an ce ɓata tarbiyya ne.

Akwai kuma Malam Isa Wali, ɗan gidan Walin Kano, gidan ilimi. A 1956 ya yi rubuce-rubuce a jaridar Nigerian Citizen a kan matsayin mace a Musulunci, ya taɓo kulle da auren mace fiye da ɗaya da karatun mata, yana kafa hujja da Alƙur'ani da Hadisi. An yi masa ca, wasu sun mayar masa da martani mai zafi, amma a takarda aka yi. Wannan shekara huɗu ne kafin samun 'yancin kai. Babu Twitter, babu Facebook, babu wata ƙungiyar waje da ta ba shi kwangila.

Da aka buɗe ABU a 1962, taɗin Bauchi ya samu sabon gida a Samaru. Wanda bai karanta jaridun shekarun 1970 da 1980 ba, ba zai gane zafin da Zariya ta yi ba. Ɓangare guda ga masu ra'ayin gurguzu, waɗanda suka taru a tsangayar fasaha da kimiyyar zamantakewa, gaba-gabansu Dakta Yusufu Bala Usman. Shi ma fa ɗan sarauta ne, jikan Sarkin Katsina Dikko, amma ya zama ƙaya a wuyan masu mulki. Ɗaya ɓangaren ga MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda ƙarfinta ya ƙaru sosai a shekarun nan. Ga kuma ƙungiyoyin ɗalibai Kirista da nasu wa'azin. Duk a harabar makaranta guda, suna cin abinci a kafteriya guda.

Abin da ya hura wutar shi ne zaman majalisar tsara tsarin mulki na 1977 zuwa 1978, inda aka yi ta ja a kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya, har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren a Afrilun 1978. A tsakiyar wannan, cikin Nuwamban 1977, Bala Usman ya yi wata lakca a Zariya a kan yadda masu mulki ke amfani da addini don raba kan talakawa, wadda daga baya ta shiga littafinsa na 1987. 'Yan MSS ba su yarda da shi ba. Suna ganin ya mayar da addini kayan aikin siyasa kawai, ya manta cewa mutane sun yi imani da gaske. Shi kuma yana ganin ana wasa da hankalinsu ba su sani ba. A shekarar 1978 ɗin aka kafa Izala a Jos, shekara mai zuwa aka yi juyin juya halin Iran, MSS ɗin kanta ta dare gida-gida a kan wace hanya za a bi. Wato ko a cikin sahun masallaci ba a taɓa zama baki ɗaya ba.

Abin da ya burge ni a takardun lokacin shi ne kowa yana karanta abokin gabarsa. Ɗan gurguzu zai kawo maka maganar Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu a kan zalunci da haraji, don ya san da wa yake magana. Ɗan MSS zai zauna ya karanta Markis don ya san ta inda zai kama shi. An yi zage-zage, kar in yi muku ƙarya, an ma doku wani lokaci. Amma wanda ya tashi a zauren lakca bai karanta komai ba, kunya yake sha.

A cikin wannan yanayin maganar mata ta tashi da ƙafarta. A 1982 aka yi wani taro a ABU a kan halin da mata ke ciki a Najeriya, daga nan aka haifi ƙungiyar WIN. Matsayinta shi ne mace talaka tana ɗauke da kaya biyu, na talauci da na kasancewarta mace, kuma ba a sauke ɗaya a bar ɗaya. Har maza ana ɗauka a ƙungiyar. A 1985, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taron mata a Nairobi, WIN ta fitar da rahotonta a kan matan ƙasar nan.

To me mata Musulmi masu riƙo da addini suka yi da suka ga wannan? Ba su je sun tarwatsa taron WIN ba. Wasunsu sun ga cewa ana magana da sunansu da harshen da ba nasu ba, suna kuma ganin matsalolin da ake lissafawa gaskiya ne: jahilci, sakin wulaƙanci, cinye gado, mutuwa wajen haihuwa. Sai suka kafa tasu. A Oktoban 1985 aka kafa FOMWAN a Minna, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amira ta farko. Suka ce haƙƙin da Musulunci ya ba mace shi za su nema, daga cikin addinin, kuma ilimi ne ƙofa. Tafarkin da Nana Asma'u ta shimfiɗa da 'Yan Taru tun ƙarni na 19 suka ɗauko. Yau ku duba makarantu da asibitoci da azuzuwan manya da FOMWAN ke da su a jihohi. Wataƙila wani a cikin masu zagin nan a makarantarsu ya yi firamare.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jarida, tsohuwar ɗalibar kimiyyar siyasa a ABU, wadda ta yi editan Sunday Triumph da New Nigerian, tana cikin waɗanda suka kafa WIN, tana kuma cikin waɗanda suka kafa FOMWAN. Mace ɗaya, gida biyu. Ta rasu a turmutsitsin Mina a aikin Hajjin 2015, Allah Ya jiƙanta. Da tana gurup ɗinmu daren Talata, wane suna za mu ba ta? Rabinmu za su ce 'yar feminis ce, rabi su ce 'yar mazan jiya ce, mu taru mu kore ta.

Yanzu bari in juya ɗaya fuskar, don masu tsoron fitina ba su yi ƙarya ba, fitina ta faru.

A Afrilun 1986 ɗaliban ABU suka yi jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe a zanga-zangar 1978, wadda aka yi a kan ƙarin kuɗin abinci zamanin Kanar Ahmadu Ali yana riƙe da ma'aikatar ilimi. Jerin gwanon ya ratsa ta Amina, masaukin ɗalibai mata, inda aka hana maza shiga. Hukumar makaranta ta hukunta shugabannin ɗalibai, ɗalibai suka tayar, aka kira 'yan sanda. Ranar 23 ga Mayu aka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Kwamitin Janar Abisoye da aka kafa ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan malaman da ya ce suna koyar da abin da ba shi aka ɗauke su koyarwa ba. A 1988 aka kama Patrick Wilmot, malamin ilimin zamantakewa ɗan asalin Jamaika, aka fitar da shi daga ƙasar. A 1989 aka sallami Bala Usman, sai kotu ce ta mayar da shi.

Tsakanin waɗannan kuma ga Kafanchan. A Maris 1987 aka yi taron wa'azin ɗalibai Kirista a kwalejin ilimi ta garin. Ɗalibai Musulmi suka ce mai wa'azin ya taɓa Alƙur'ani da Manzon Allah (SAW), aka fara cacar baki, aka koma dambe, abu ya fita gari. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kai Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. An ƙona majami'u masu yawa da masallatai, an rasa rayuka. Wannan ya zo ne shekara guda bayan rigimar shigar Najeriya ƙungiyar OIC, zukata a cike suke, ashana kawai ake jira.

Bayan waɗannan shekarun abin da ya biyo baya shi ne shiru. Gwamnatin soja ta matse ƙungiyoyin ɗalibai, tsarin SAP ya karya darajar albashin malamai, da yawa suka bar ƙasar, laburare ya daina samun sababbin littattafai. Zauren muhawara ya mutu. Ɗan gurguzu ya yi asara, ɗan MSS ma ya yi asara, don ya rasa wanda zai wasa masa ƙwaƙwalwa. Kowa ya koma yana wa 'yan ɗakinsa wa'azi. Mu ne 'ya'yan wannan shirun. Shi ya sa muka iya laƙabi, ba mu iya hujja ba. Kuma rashin zauren bai hana jini zuba ba. Kowa ya tuna abin da ya faru a kwalejin ilimi ta Sakkwato a Mayun 2022, inda maganar da ta fara a gurup ɗin WhatsApp na 'yan aji ta ƙare da kisan ɗaliba.

Abin da na fahimta daga Kafanchan da Sakkwato shi ne ba a zaman da aka tsara, mai shugaba da ƙa'ida da lokacin tambaya, aka fi samun fitina ba. An fi samunta inda mutane suka daɗe ba sa magana da juna, kowa yana jin labarin ɗan uwansa daga bakin wani.

Misali ɗaya zan ƙara a kan amfanin sanin hujja. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, jihohi goma sha ɗaya suka bi, aka yanke wa Safiya Hussaini da Amina Lawal hukuncin jefewa. Duniya ta yi ta ihu, ana rubuto takardun koke daga Turai da Amurka. Amma abin da ya kuɓutar da su a kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a, Sakkwato a 2002 da Katsina a 2003, hujjoji ne daga cikin fiƙihun Malikiyya da ƙa'idar shari'ar kanta: yadda ake karɓar iƙirari da damar janye shi, da mas'alar kwantaccen ciki. Ƙungiyoyin mata irin su BAOBAB da WRAPA suka tsaya, lauyoyi Musulmi suka buɗe littattafai, alƙalan Shari'a suka yanke. Wa ya ci nasara a nan, 'yan feminis ko malamai? Ni dai na ga waɗanda suka yi karatu ne suka ci.

Saura hujja ta biyu, ta cewa muna Kudu. Na fahimce ta, wallahi na fahimce ta. Ni ma an taɓa tambayata a aji, da murmushi, ko gaskiya ne ba ma barin mata su yi karatu. Na san yadda ƙirji ke zafi. Idan kana baƙo kana so a ga gidanku a share.

Amma mu tuna MSS ɗin da muke taƙama da ita a Legas aka kafa ta a 1954, ɗaliban Yarbawa ne suka kafa, Lateef Adegbite ya fara shugabantarta. Daga nan ta hau Arewa. FOMWAN tun ranar farko da matan Kudu aka gina ta, irin su Alhaja Lateefat Okunnu. A Jami'ar Ibadan an yi rigimar gicciye a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da Musulmi suka ce gicciyen cocin makaranta yana fuskantar masu sallah a sabon masallaci. An kai ruwa rana, a ƙarshe aka gina katanga ta tsare gani, masallaci yana nan, coci yana nan. Shari'ar hijabi a makarantun Legas kuwa 'yan uwanmu na nan ne suka bi ta kotu-kotu har Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a Yunin 2022. Mutanen nan sun san irin gardamarmu, suna da tasu. Kuma asirin da muke ɓoyewa ba asiri ba ne. Sun ga yadda Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaiton jinsi a 2016, sun ga ArewaMeToo a 2019, suna ganin yaran da ke bara a Sabo. Abin da ba su taɓa gani ba shi ne ɗaliban Arewa sun zauna da kansu, mace da namiji, mai gemu da mara gemu, suna tattauna matsalarsu da ilimi da ladabi. In muka soke zaman nan, labarin da zai fita shi ne 'yan Arewa sun hana mace magana. Wannan ne zanin da zai kwance.

Ga 'yan uwana masu kishin addini, ina tare da ku a abubuwa da yawa. Akwai abubuwan da ake yaɗawa da sunan feminisanci waɗanda ban yarda da su ba, kuma a shirye nake in faɗa a gaban kowa. Amma wanda ya tabbata da hujjarsa ba ya tsoron makirufo a hannun 'yar shekara ashirin da biyu. Ba mu ma san me za ta ce ba. Na tambayi ɗan kwamitin, ya ce mini: "Yaya, wallahi takardarta a kan haƙƙin matar da aka saki ce, ciyarwa da riƙon 'ya'ya, rabinta daga Risala ta ɗauko." Kun ji abin da muka yi wa ihu.

Ga 'yan uwana na ɗaya ɓangaren kuma, ku ma da naku. Kiran mutum baƙauye ko ɗan zamanin jahiliyya ba hujja ba ce. In kana so ka canza Arewa sai ka san littattafan da Arewa ke girmamawa, ka iya magana da mahaifinka ba tare da ka raina shi ba. Isa Wali da ayoyi ya zo. Bilkisu Yusuf ba ta bar masallaci don ta shiga taro ba.

Roƙona ga shugaba da 'yan kwamiti: a bar zaman yadda aka tsara. A samo dattijo guda cikin malamanmu na nan, wanda ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, ya shugabanta. Duk mai magana, daga kan mumbari ko daga cikin jama'a, ya faɗi inda ya samo abin da yake faɗa. Kafin nan kuma, waɗanda suka ambaci yarinyar nan da munanan kalmomi su kira ta su ba ta haƙuri, a mayar da ita gurup. Ƙanwarmu ce, iyayenta sun turo ta nisan duniya suna ganin akwai yayyenta a nan. Na ji an ce tana tunanin janyewa ko da an ce a yi. In wannan rubutun ya kai gare ki, ƙanwata, ki yi haƙuri, ki zo da takardarki. In na ga inda ban yarda ba zan ɗaga hannu in tambaye ki, ke kuma ki ba ni amsa.

Wanda yake son ganin kwafin tsofaffin jaridun da na yi magana a kansu ya same ni a ɗakin karatu na 'yan mastas, ina nan kusan kullum bayan Azahar. Inda na yi kuskure a tarihi a gyara mini a ƙasa, zan karɓa.

Ƙuri'a ranar Asabar ce bayan La'asar, a inda muka saba haɗuwa. Don Allah kowa ya zo, har da 'yan uwa mata, kar ku bar mu mu yanke hukunci a kanku ba kwa nan.

Allah Ya sa mu dace, Ya mayar da mu gida lafiya da abin da muka zo nema.